Tumbin da ke murɗewa: ciwon da ke kashe manyan karnuka a dare ɗaya

Duk wanda ya yi kiwon tumaki ya san kumburin ciki. Tunkiya ta cika ciki da ɗanyen haki, ciki ya tashi, a ɗura mata man gyaɗa, sau da yawa ya sace. Wannan sanin ne yake yaudarar masu manyan karnukan gadi, irin Boerboel da Caucasian da German Shepherd, waɗanda yanzu ake gani a gidajen Abuja da Jos da Kaduna. Tumbin kare ba kumbura kaɗai yake yi ba, juyawa yake ya murɗe, kamar an shaƙe buhu ta baki da ta gindi. Iska ba ta fita ta sama, ba ta wucewa ta ƙasa. Jini ya kasa komawa zuciya, wani lokaci saifa ma ta bi tumbin ta juye. Cikin 'yan sa'o'i sai gawa.

Galibi bayan cin abinci abin yake farawa. Kare ya kasa kwanciya, yana ta kai da kawowa, yana yunƙurin amai ba abin da ke fitowa sai kumfa, miyau na dalala. Ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi ya yi fari. Ka ƙwanƙwasa bayan haƙarƙari ka ji sauti kamar ganga. Daga nan ba batun ɗure, ba batun a bari gari ya waye. Aiki ne na likitan dabbobi mai tiyata, a daren.

A shekarar 2000, Lawrence Glickman da abokan aikinsa na Jami'ar Purdue a Amurka sun fitar da binciken da suka yi kan karnuka sama da 1,900. Sun ƙiyasta cewa manyan karnuka nau'in Great Dane huɗu cikin goma za su gamu da ciwon a rayuwarsu. Zurfin ƙirji, tsufa, haɗamar ci, da samun uwa ko uba ko ɗan'uwa da ya taɓa yi, duk suna ƙara haɗari. Har ɗora kwanon abinci kan abu mai tudu, wanda a da ake ɗauka kariya ne, binciken ya alaƙanta shi da ƙaruwar ciwon.

Abin da ya fi damuna shi ne al'adar nan ta barin kare a keji wuni guda da yunwa, sannan da magariba a dire masa kwano shaƙe, a sake shi yana guje-guje. A raba abincin nan kashi biyu ko uku, a ajiye kwano a ƙasa, a bar shi ya huta kamar awa ɗaya bayan ci. Mai haɗama kuwa a baza masa abinci a faffaɗan faranti, kuma nesa da sauran karnuka.

Akwai tiyatar rigakafi da ake ɗinke tumbi a jikin bangon ciki, sau da yawa a haɗa ta da ranar dandaƙa. Ba ta hana kumburi, amma tana tsare murɗewar, wadda ita ce mai kisa. Mai babban kare ya tambayi likitansa tun yana kwikwiyo, ya kuma san asibitin da ke buɗe da tsakar dare.