Bambancin Mai Kai Ƙara da Mai Yin Doka

Talakawa da yawa ba su rarrabe aikin lauyan Gwamnati da na ɗan majalisa. Ga misalin da hakimai da magatakardansu za su iya yi musu bayani da shi.

Cikin 1999 aka naɗa Alhaji Ibrahim Hassan Haɗejia Babban Lauyan Gwamnatin Jihar Jigawa. Sashe na 211 na Tsarin Mulki ya ba mai wannan muƙami iko uku: ya kai mutum ƙara bisa laifi, ya karɓi ƙarar da wani ya shigar, ko kuwa ya janye ta kafin a yanke hukunci. Amma ba shi da ikon sake ko harafi guda na doka.

Bayan ya riƙe Mataimakin Gwamna sau biyu, aka zaɓe shi Majalisar Dattawa cikin 2019. Ya zauna har 2023 cikin wakilai 109, watau uku daga kowace Jiha, ɗaya daga Abuja. A can aikinsa yin doka ne, ikon ƙara kuwa ba ya hannunsa.

Saboda haka wanda ɗansa ke gaban shari'a, kada ya ƙarar da guzurinsa a ƙofar ɗan majalisa. Lauya zai nema, gama shi ke da baki a kotu.