Ragar kare dashe: rigakafin tumatir tun daga fangali

A garakan Tawa da Kaita da bakin tabkin Tabalak, tumatir yana cikin manyan kayan noman rani. Ana sayar da ɗanyensa, ana shanya saura a yi kauɗa. Amma sau da yawa manomi yakan yi asarar garkarsa tun yana renon dashe, bai sani ba.

Dalili shi ne farin ƙuda, wani ɗan ƙwaro mai tsawon kamar milimita 1, mai zama a bayan ganye. Idan ya tsotsi dashe, yakan sa masa cutar nannaɗewar ganye. Alamarta ba ta fitowa sai bayan mako 2 ko 3, lokacin an riga an dasa. Ganye ya ƙanƙance, ya yi ɗorawa, fure ya zube. Cutar ba ta da magani. Ga kuma tsutsar Tuta absoluta, 'yar asalin Amurka ta Kudu, wadda aka gano a Nijar a shekarar 2013. Tana cin cikin ganye, tana huda 'ya'ya.

A ƙasashen da ake noman tumatir cikin rumfunan leda, ana toshe kowace kafar iska da raga. Mu ma muna iya yin haka a kan fangalin reno:

1. A lanƙwasa sanduna bisa fangali, tsayin kamu 1.
2. A shimfiɗa raga tun ranar shuka, a binne bakinta da ƙasa ta kowane gefe.
3. A yi ban ruwa ta saman raga. Idan ta yage, a ɗinke nan take.
4. Bayan kamar mako 4, a kware a dasa.

A kula: idon gidan sauro yana tare uwar tsutsa, amma farin ƙuda yana ratsa shi. Sai raga mai ƙananan ido. Ita kuwa tana riƙe zafi, don haka a yi mata 'yar inuwa da tsakar rana.

Raga tana rage feshin guba, wanda ke cutar da mai feshi da mai ci. Amma kada a ɗauke gidan sauron yara a kai garka, a bar su da zazzaɓin cizon sauro. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na gundumarsa.