Baƙin wuya da haila mai tsallake: awon da ya kamata mace ta nema kafin ciwon sukari ya iso



A gidajenmu da dama akwai budurwa ko matar aure da bayan wuyanta ya yi baƙi, fatar wurin ta yi kauri da laushi kamar karammiski. Uwa takan ce dauɗa ce, ta sa a dirje da soso da sabulu. Ƙawaye kuma su kawo man shafawa mai sa haske. A dirje har fata ta yi zafi, baƙin yana nan. Idan muka ƙara tambaya, sau da yawa mukan tarar wannan baiwar Allah hailarta tana tsallake wata biyu ko uku, gashi ya fara fito mata a haɓa, ƙurajen fuska sun ƙi ƙarewa, in kuma tana da aure an fara ƙirga mata shekaru babu haihuwa. Kowace alama sai a nema mata nata magani daban, alhali galibi tushensu guda ne.

Ciwon da ke haɗa su shi ne wanda likitocinmu ke rubutawa a takarda da haruffa huɗu na Faransanci, SOPK. Ciwo ne na ma'ajiyar ƙwan mace. Ƙwayayen sukan fara girma su tsaya a hanya ba su nuna ba, sai su jeru kamar carbi a hoton ekogarafi. Likitoci biyu na birnin Cikago a Amurka, Stein da Leventhal, su suka bayyana shi a 1935 bayan sun duba mata bakwai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa yana shafar wajen mace ɗaya cikin goma a shekarun haihuwa, kuma mafi yawansu ba su san suna da shi ba. Bisa ƙa'idar da masana suka tsayar a Rotterdam a 2003, ana tabbatar da shi in an sami biyu cikin abubuwa uku: haila marar tsari, alamun yawan sinadarin maza a jiki ko a jini, da wancan hoto na ekogarafi. Sai dai likita zai fara kawar da wasu cututtukan da ke kama da shi.

Yawancin mata ana tsayawa da su nan, a ba su maganin daidaita haila su koma gida. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne ɓangaren da ake yawan mantawa, wato alaƙar wannan ciwo da sukarin jini. Ba sabuwar magana ba ce. Tun 1921 likitocin Faransa biyu, Achard da Thiers, suka rubuta labarin abin da suka kira ciwon sukari na mata masu gemu.

Ga yadda abin yake. Duk tuwo ko fura ko shinkafar da muka ci, jiki yana mayar da ita sukari a cikin jini. Wani sashe da ke bayan tumbi yana fitar da sinadarin insulin, wanda aikinsa buɗe ƙofa ne domin sukarin ya shiga nama ya zama ƙarfi. A jikin mafi yawan masu SOPK ƙofar takan yi tauri, ba ta jin insulin yadda ya kamata. Wannan shi ake kira bijirewar jiki ga insulin. Sai jiki ya riƙa ninka insulin ɗin da yake fitarwa don ya tilasta ƙofar ta buɗe. Wannan yawan insulin yana zuga ma'ajiyar ƙwai ta fitar da sinadarin maza fiye da kima, yana kuma hana hanta yin isasshen abin da ke ɗaure wannan sinadari a jini. Daga nan gashin haɓa da ƙuraje da tsallaken haila suke samun ƙarfi. Shi ne kuma ke sa fatar wuya da hammata da matsematsi ta yi kauri ta yi duhu. Saboda haka soso ba zai fitar da shi ba.

Akwai alamun da mace za ta lura da su da kanta a ɗaki. Ban da baƙin wuya, akwai ƴan tsiron fata masu laushi a wuya ko hammata, da ƙibar da ke taruwa a ciki. Da igiyar awo ta tela za a iya auna ƙugu daidai cibiya. In ya kai santimita 80 ga mace, ya isa a kula. In uwa ko uba ko ƴar uwa na da ciwon sukari, ko mace ta taɓa samun hawan sukari lokacin ciki, haɗarin ya ƙaru. Amma kada siririya ta ɗauka ta tsira, domin bijirewar tana samun sirara ma.

A nan dole mu faɗi wata gaskiya mai ɗaci. A ƙasarmu ƙiba ado ce, kuma mata da yawa suna sayen ƙwayoyin ƙiba a hannun masu talla a kasuwa, musamman gab da aure ko bayan haihuwa. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan dangin kortizon ne, masu hawar da sukarin jini da ƙara taurin waccan ƙofa. Wasu mayukan sa haske ma suna ɗauke da irinsa. Mai SOPK da ta shiga wannan hanya tana ƙara wa wuta itace ne, kuma wajibi ne ta gaya wa likita abin da take sha ko shafawa kafin a yi mata awo.

To, wane awo za a nema? Wanda aka fi sani shi ne awon sukari da safe kafin a ci komai, wanda ake kira gilisemi. In ya kai giram 1,26 a lita, kuma aka maimaita aka sake samun haka, ciwon sukari ne. Matsalar ita ce mace tana iya shekaru da bijirewar insulin alhali wannan awo yana fitowa lafiya lau, saboda jikinta yana ta faman ninka insulin yana rufe asiri. Sai ta riƙe takarda ta ce an auna ta ba ta da komai.

Shi ya sa jagorar ƙasa da ƙasa kan wannan ciwo, wadda aka sabunta a 2023, ta fifita awon shan sukari, wanda ake rubutawa HGPO a takardar likita, ga duk mai SOPK, mai jiki ce ko siririya. Mace za ta ci abincinta yadda ta saba kwana uku kafin ranar. Daren ƙarshe ta daina ci na aƙalla awa 8. Da safe a ɗebi jininta, a ba ta giram 75 na sukarin awo a cikin ruwa ta shanye cikin minti biyar, ta zauna ba yawo ba ci, bayan awa biyu a sake ɗiba. In sakamakon awa biyu bai kai giram 1,40 a lita ba, lafiya. Daga 1,40 zuwa 1,99 jiki ya fara gazawa, mace tana bakin ƙofar ciwon sukari, kuma a wannan mataki ne aka fi iya juyo da ita. Daga giram 2,00 zuwa sama alamar ciwon ce kansa. Barin cin nan da laburatuwa ke nema ba azumin ibada ba ne, ana iya shan ruwa zalla. Tun da kuma awon yana buƙatar shan sukari da safe, gara a tsara shi kafin watan Ramadan ko bayan salla.

Akwai wani awon da ake kira HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin jini na wajen wata uku. Yana da sauƙi domin ba ya buƙatar barin ci, kuma kashi 6,5 cikin ɗari ko fiye yana nuna ciwon sukari. Sai dai a yankinmu a yi hattara da shi, domin ciwon sikila da ƙarancin jini, waɗanda suka yawaita a cikinmu, suna iya karkatar da sakamakonsa.

Wasu sukan nemi a auna insulin ɗin kansa, a yi lissafin da ake kira HOMA. Yana da amfani a wajen masu bincike, amma jagorar 2023 ba ta ba da shawarar yin sa a aikin yau da kullum ba, domin sakamakon yana bambanta daga wannan laburatuwa zuwa waccan, kuma ba a daidaita kan iyaka guda ba. A ganinmu, iyalin da kuɗinsu ƙalilan ne gara su sa shi a awon shan sukari. A haɗa da awon hawan jini da na kitsen jini.

Magidanta, ku ma da ku muke. Macen da hailarta ke tsallake ba juya ba ce, kuma mafi yawan masu wannan ciwo suna haihuwa in an kula da su. Ga mai ƙiba, rage kashi biyar zuwa goma cikin ɗari na nauyin jiki sau da yawa yana dawo da haila. Hanyar ba baƙuwa ba ce: a rage sukarin shayi da na fura da lemon kwalba, a rage farin burodi da taliya, a ƙara wake da dambu da kwaɗon zogale, a yi tafiyar ƙafa ta rabin awa a yawancin ranakun mako. Wannan ba ya yiwuwa sai da yardar maigida, tun da shi ke cefane. Likita yana iya ƙarawa da maganin metformin, ga mai neman haihuwa kuma akwai magungunan da ke sa ƙwai ya nuna. Kada a saye su ba tare da takardar likita ba.

Iyaye mata kuma kada su firgita don yarinya ta fara haila tana tsallake, domin haka yake a shekarar farko. Amma babbar mace da hailarta ba ta kai sau takwas a shekara ba, ko ta wuce kwana 90 ba ta gani ba alhali ba ciki ba goyo, ta je a duba ta. Wadda aka tabbatar mata da SOPK za ta riƙa maimaita awon sukari duk shekara ɗaya zuwa uku, gwargwadon yadda likita ya ga haɗarinta. In tana shirin ɗaukar ciki a yi mata awon tun kafin ta ɗauka, a kuma sake shi tsakanin mako na 24 da na 28 na cikin.

Allah ya ƙara mana lafiya, mu da iyalanmu.