Yadda Fuloraid Yake Kutsawa Cikin Saƙonnin Jiki

Jikin ɗan'adam tarin ƙwayoyin halitta ne, kuma ba sa yin aiki sai an aika musu da saƙo. Idan mutum ya firgita, alal misali, sinadarin adirenalin yakan bi jini ya isa hanta, amma ba ya shiga cikin ƙwayoyinta. A bakin ƙofa yake tsayawa, kamar baƙon da ya yi sallama a zaure. Mai karɓar saƙo da ke jikin fatar ƙwayar sai ya taɓa wani furotin da ake kira furotin G, shi kuma ya sa a samar da sinadarin cAMP. Wannan shi ne ɗan aiken da yake shiga cikin gida ya ce a saki sukari a jini.

Furotin G tamkar makunnin lantarki yake. In yana riƙe da sinadarin GDP, mai fosfet biyu, to a kashe yake. In ya saki wannan ya kama GTP, mai fosfet uku, sai ya kunnu. Jim kaɗan sai ya datse fosfet na ukun, ya kashe kansa.

To, ina fuloraid ya shigo? Tun a 1958 Earl Sutherland da Theodore Rall, a Amurka, suka lura cewa zuba fuloraid a kan niƙaƙƙen nama yana haɓaka cAMP ko da babu adirenalin. An haura shekara ashirin ba a san dalili ba, sai a 1982 Paul Sternweis da Alfred Gilman suka gano cewa fuloraid ba ya yin wannan aiki shi kaɗai. Yana bukatar ɗan burɓushin alminiyam, wanda ashe daga gilashin kwalaben gwaji yake narkowa ba a sani ba! Idan suka haɗu, sukan ɗauki kamannin fosfet, su zauna kusa da GDP a gurbin fosfet na uku. Furotin ɗin sai ya ruɗu ya kunnu, alhali ba wanda ya yi sallama. A 1994 Gilman da Martin Rodbell suka sami kyautar Nobel a kan binciken furotin G.

Sai dai kada ɗalibi ya yi gaggawar jefar da man goge baki. Fuloraid ɗin da ake zubawa a irin waɗannan gwaje-gwaje yakan kai miligiram 100 zuwa 200 a lita, ya ninka wanda ke cikin jinin mai shan ruwa na yau da kullum sau dubbai. Ɗan kaɗan ɗinsa ma yana kare haƙora daga ruɓewa. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a ruwan sha ita ce miligiram 1.5 a lita.

Matsalar tana ga ƙashi, domin a nan ne fuloraid yake taruwa shekara da shekaru. Yana zuga ƙwayoyin da ke gina ƙashi su yi ta yaɗuwa, ƙashin ya yi kauri amma ba ƙwari. A Tibiri, kusa da Maraɗi, ruwan rijiyar burtsatse da aka soma sha a shekarun 1980 ya haura wancan ƙa'ida sau uku ko fiye. Kafin a gano musabbabin, haƙoran yara da yawa sun dafe, ɗaruruwa kuma ƙafafunsu sun lanƙwashe.