Cutar dabba da cutar mutum: wacce ke tsallakowa, wacce ba ta tsallakowa?

Kaji ba za su yi kwana biyu suna mutuwa a Kawo ko Unguwar Dosa ba sai saƙo ya zagaya WhatsApp: kada a ci kaza, kada a taɓa ƙwai, annoba ta shigo gari. Cikin irin wannan saƙo akwai gaskiya, akwai kuma abin da aka ƙirƙiro daga sunan cutar kawai. Mu raba su.

Mu Kadunawa mun daɗe da sanin murar tsuntsaye. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da nau'in H5N1 a gonar kaji ta Sambawa da ke Jaji, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, kan hanyar Zariya. Wannan ne karo na farko da aka ga wannan nau'in a nahiyar Afirka, kuma dubban kaji suka mutu. Gwamnati ta riƙa biyan naira 250 kan kowace kazar da aka kashe, kuɗin da bai kai darajarta a kasuwa ba, shi ya sa wasu masu kiwo suka gwammace su sayar da kajin a ɓoye. Nan haɗarin yake. Kalmar "mura" tana yaudarar mutane su ɗauka atishawa ce da majina. Ba haka ba ne: a farkon 2007 cutar ta kashe wata matashiya a Legas. Sai dai cewa cin kaza ko ƙwai ne ke jawo ta, wannan ba daidai ba ne, muddin an dafa su sun nuna sosai, domin zafin wuta yana kashe ƙwayar. Wanda ke cikin hatsari shi ne mai yankawa, mai figa, da yaron da aka aika ya jefar da mushen. Kazar da ta langaɓe aka yi saurin sa mata wuƙa don kada a yi asara, ita ce abin gudu, ba wadda ke cikin miya ba.

Zazzaɓin Lassa shi ma sunansa ya ruɗa mutane. Lassa gari ne a Jihar Borno, inda aka fara gano cutar a 1969, ba sunan ɓera ba ne, ba kuma cutar mutanen can ce kaɗai ba. A Fabrairun 2024 labari ya bazu cewa wata baƙuwar cuta ta kashe ma'aikatan lafiya a asibitin sojoji na 44 da ke nan Kaduna, aka yi ta kiran sunayen cututtuka iri-iri. Gwaji ya nuna Lassa ce. Gaskiya ne ɓera ke ɗauke da ita, yana barin ta cikin fitsari da kashinsa a kan hatsi ko garin da aka shanya ko aka bari a buɗe. Ƙarya ce a ce daga ɓera kaɗai ake kamuwa: jini da sauran ruwan jikin majinyaci suna watsa ta, shi ya sa masu jinya ke shiga tsaka mai wuya. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, musamman da rani, na asibiti ne, ba na kantin magani ba.

Makiyaya a Zangon Tudun Wada suna da nasu sunayen na cututtukan dabbobi, kuma sau da yawa sun fi mu 'yan birni tantancewa. Bushiya, wadda ta taɓa share garkuna, ba ta kama mutum, kuma tun 2011 aka ayyana kawar da ita daga duniya. Boru, mai sa saniya dalala da ɗingishi, asarar dukiya ce, da wuya ƙwarai ta taɓa ɗan Adam. Sammoren shanu da ciwon barcin mutane kuwa 'yan gida ɗaya ne, ƙudan tsando ke kawo su, amma ba a ɗaukar ciwon barci ta cin nama. Cibiyar binciken waɗannan cututtuka biyu ta ƙasa ma a nan Kaduna hedkwatarta take.

Wadda ba a cika tsoro ba, ita ce ta fi cancanta a kula da ita: bakkale. Tana sa saniya ɓari, tana shiga mutum ta ɗanyar madara ko ta hannun wanda ya taɓa mahaifa, sai a yi ta zazzaɓi mai zuwa yana komawa ana cewa taifot ne. Ba cewa nake a bar fura da nono ba, Allah ya kiyaye. A tafasa madarar kafin a kwantar da ita, shi ke nan.

Cizon kare kuma babu gashin kare ko rubutun da ke tare shi. Idan alamun haukan kare suka bayyana, kusan babu mai tashi. A wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar a fara allurar riga-kafi.