Mota Mai Ɗaki: Yadda Ake Raba Ruwan Sha da Ƙazanta a Kan Hanya

A Amurka da ƙasashen Turai akwai wata irin mota da ake ƙerawa da gado da madafa da makewayi a cikinta, ta yadda iyali za su yi makonni suna yawon buɗe ido ba su sauka a masauki ba. Garin Elkhart na jihar Indiyana ta Amurka ya yi suna wajen ƙera irinta. To, amma mai karatu ya taɓa tunanin inda ruwan wannan gida mai taya yake fitowa, da kuma inda ƙazantarsa take zuwa? Duka biyun suna ƙarƙashin daɓen motar, kusa da juna, kuma lafiyar matafiya ta dogara ne ga hana su haɗuwa.

Tankuna uku

Yawancin waɗannan motoci a Amurka suna da tanki uku. Na farko na ruwa mai tsabta ne, wanda wani ƙaramin famfo mai aiki da batir mai ƙarfin bolt 12 yake turawa cikin bututu. Na biyu yana tara ruwan wanka da na wanke-wanke. Na uku kuwa na bahaya ne. Kowace lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, wato tanki mai lita 100 kaya ne na kilo 100 a kan taya.

Ƙarƙashin wurin wanke-wanke akwai lanƙwasasshen bututu da ke riƙe ɗan ruwa kullum. Wannan ɗan ruwa shi ne ƙofar da ke tare wari. Wani bututun kuma yana fitar da iskar da ruɓewa ke haifarwa ta saman motar.

Hatsarin kwantaccen ruwa

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Idan ruwa ya daɗe a tanki, sinadarin kulorin da ke cikinsa yakan gushe, sai ƙwayoyin cuta su yi yauƙi a jikin bututu. Daga cikinsu akwai Legionella, wadda ta fi yaɗuwa a ɗumin digiri 20 zuwa 45 na ma'aunin Salshiyos. An gano ta a 1977, bayan ciwon huhu ya hallaka mutane da dama da suka halarci wani taron tsofaffin sojoji a birnin Filadelfiya a 1976. Takan shiga huhu ne ta feshin ruwa, kamar na wanka.

Saboda haka ake wanke tankin ruwan sha kafin a fara tafiye-tafiyen shekara. Ana sirka bilic marar turare, kimanin mililita ɗaya ga kowace lita ɗaya, a cika tankin, a buɗe kowane kan famfo har sai an ji ƙaurin kulorin. Sai a bar shi aƙalla awa huɗu, a zubar, a ɗauraye sosai. Mesar ɗibar ruwan sha kuwa ba a taɓa amfani da ita wajen wanke tankin bahaya.

Zubar da ƙazanta

Ba a kwashe tankin bahaya sai ya kai kashi biyu cikin uku, domin nauyin ruwan ne ke tunkuɗo daskararren abu waje. Wanda ya bar bakinsa a buɗe, ruwan zai tsiyaye, sauran ya bushe ya toshe hanya. A wurin da aka tanada don zubarwa, ana fara sakin na bahaya, sannan na wanka, don ruwan sabulu ya wanke mesar.

Lokacin hunturu

Idan ruwa ya zama ƙanƙara, girmansa yakan ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, abin da ya isa ya fasa bututu. Don haka kafin sanyi ake tsiyaye ruwan duka, a ɗura maganin hana daskarewa na furofilin gilaikol. Na lagireton mota, wato etilin gilaikol, guba ne, bai kamata ya kusanci bututun ruwan sha ba.

Malamai na iya nuna ƙarfin ƙanƙara a aji: a cika kwalbar roba maƙil da ruwa, a rufe, a bar ta ta kwana a sashen ƙanƙara na firji, ɗalibai su ga yadda za ta kumbura.