Allurar Baya, Allurar Ɗuwawu da Laka: Ina Gaskiya, Ina Ƙanzon Kurege?

Ranar da likita ya ce haihuwar ƙanwata sai an yi aiki, allurar da za a yi mata a gadon baya ta fi wuƙar tayar da hankalin gidanmu. Kafin la'asar gwaggonmu ta iso, ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Ke 'yar nan, ko me za su yi miki, kada ki yarda da allurar baya. Laka suke sokewa. In ba ki gurgunce ba, ke da ciwon baya har kabari."

A maganar Gwaggo akwai tsaba, akwai tsakuwa. Kuma ba za a iya tsince su ba sai an san inda laka ta tsaya da inda jijiyoyi suka ɗauka.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mahauci yana sara ƙashin bayan ragon layya ya ga wani farin abu mai taushi kwance a cikin ramin ƙashin. Ita ce laka, kuma daban take da ɓargo. A jikin babban mutum tsawonta kamar santimita 45 ne, kaurinta bai wuce na ƙaramin yatsa ba. Jijiyoyi suna fitowa daga gare ta bibbiyu, ɗaya dama ɗaya hagu, har sau 31: sau 8 a wuya, 12 a saitin haƙarƙari, 5 a kwankwaso, 5 a faffaɗan ƙashin da ke ƙasa da shi, sai 1 a can ƙarshe. Kowace tana da saiwa biyu. Ta baya ke kawo labarin zafi, sanyi da taɓawa, ta gaba kuma ke kai umarnin motsi ga tsoka. Wani likitan Faransa, Magendie, ya tabbatar da haka a 1822 da gwaji a kan 'yan kwikwiyo.

(Harshenmu ma ya taimaka wajen rikita lissafin. Hanyar jini jijiya, agara jijiya, mai ɗaukar saƙo ita ma jijiya. Ta ƙarshen nan nake nufi, wadda ba jini ke gudu a cikinta ba.)

Abin da Gwaggo ba ta sani ba shi ne laka ba ta kai ƙarshen baya. Tun yaro yana ciki ƙashin baya ke rigan laka tsawo, saboda haka a jikin babba takan tsaya a saitin ƙashi na ɗaya ko na biyu na kwankwaso. Daga nan zuwa ƙasa sai saiwoyin jijiyoyi, sako-sako, suna lilo a cikin ruwa. Masana da suka ga kamarsu sai suka sa musu suna wutsiyar doki. Mai allurar kashe zafi yakan sa mace ta zauna ta sunkuya, ya laluba saman ƙasusuwan ƙugu da hannu, ya shigar da siririyar allura tsakanin ƙashi na uku da na huɗu, ko na huɗu da na biyar. Wato ƙasa da inda lakar ta ƙare. Maganin ya gauraya da ruwan, saiwoyin su daina kai saƙo, bayan awa biyu zuwa huɗu ƙafafu su dawo. Zancen sokar laka dai ba haka ba ne.

Amma akwai inda Gwaggo ta yi gaskiya: allurar ba ta rasa illa ba. Wasu matan suna samun ciwon kai mai tsanani bayan allurar, wanda ke tashi in an zauna, ya lafa in an kwanta, saboda ruwan yana ɗan yoyo ta hujin da allura ta bari. August Bier, likitan Jamus da ya fara wannan allura a birnin Kiel a 1898, da kansa ya sha wannan ciwon kai ya yi kwanaki a kwance. Yawanci yakan wuce cikin mako ɗaya ko biyu, kuma yana da magani. Wurin da aka soka yakan yi tsami na 'yan kwanaki. Munanan matsaloli irin su taruwar jini ko shigar ƙwayar cuta suna aukuwa, sai dai da wuyar gaske. Shi kuwa ciwon bayan da ake ɗora wa allura har shekaru, a tambayi matan da suka haihu da kansu, su ma da yawa suna fama da shi. Wata tara ana ɗauke da ciki, sai goyo, sai sunkuyon wanki da shara, baya ya ga ta kansa ko babu allura.

Haka batun ɗibar ruwan laka ga wanda ake zargin sanƙarau ya kama. Ana cewa in an ɗiba mutum ya ƙare. Ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka kamar mililita 150 ne, jiki kuma yana yin sabo kusan rabin lita kowace rana. Abin da likita ke ɗiba bai fi cokali ɗaya ko biyu ba, kafin dare an mayar da gurbinsa. In mara lafiya ya rasu bayan an ɗiba, cutar da ta sa aka ɗiba ita ya kamata a fara tuhuma.

Abin mamaki, allurar da ya fi dacewa a yi hattara da ita ita ce wadda ba ma ɗauka a bakin komai. Yaro ya yi zazzaɓi, a kai shi wani kemis na lungu, a kife shi a cinya, a caka masa a tsakiyar ɗuwawu. To a nan ne jijiyar da ta fi kowace girma a jiki take ratsawa, kaurinta a babba ya kai na babban yatsa, ta haɗu ne daga saiwoyi biyar na ƙasan baya, ta gangara har tafin ƙafa. In allura ko maganin ya same ta, yaro zai ƙwalla ƙara, zafi ya sauka ƙafa kamar an jona wuta, daga baya a ga tafin ƙafar yana reto, ba ya ɗaguwa, yana jan ƙasa. Wannan kam gaskiya ce, allura tana sa ɗingishi. Shi ya sa ake koya wa ma'aikatan jinya su raba ɗuwawu gida huɗu su yi a na sama ta waje, jarirai kuma a gefen cinya.

Sau da yawa ana kiran wannan ɗingishi shan inna, alhali hanyarsu ba ɗaya ba ce. In aka yanka laka a gicciye za a ga tsakiyarta ruwan toka ne mai siffar malam buɗe littafi, fari ya kewaye shi. A fikafikan gaba na wannan toka ƙwayoyin da ke ba tsoka umarni suke zaune, kuma su ƙwayar cutar shan inna ke kashewa. Dalili ke nan da ƙafar mai shan inna ke shanyewa amma tana jin taɓawa sarai: ɓangaren ji bai taɓu ba.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ta fi kowace jawo asarar kuɗi: wasu na cewa jijiya in ta mutu ta mutu, wasu kuma na sayar da maganin haɗa laka. A ƙarƙashin madubin likita, jijiya kamar igiya take da aka tufka daga dubban zarurruka, kowane zare da rigarsa, kowane ƙunshi da tasa, sannan babbar riga ta rufe su duka. Kowane zare hannu ne na ƙwayar halitta guda ɗaya, kuma wanda ya tashi daga laka zuwa babban yatsan ƙafa yakan kusan kai mita. A jikin zaren akwai wasu ƙwayoyi da ake kira da sunan wani masani, Theodor Schwann, suna naɗe shi da kitse kamar naɗin rawani, gaɓa-gaɓa, da ɗan fili tsakanin kowace gaɓa. Saƙo yana tsallake ne daga fili zuwa fili, har ya kai gudun mita 120 a daƙiƙa, yayin da zaren da ba shi da naɗi ba ya wuce mita biyu.

In jijiyar hannu ko ƙafa ta tsinke, guntun da ya rabu da uwarsa yakan ruɓe, kamar yadda wani masani, Augustus Waller, ya bayyana a 1850. Amma ƙwayoyin Schwann ba sa mutuwa. Sukan share wurin, su jeru, su zame wa sabon zare hanya. Zaren yana tsirowa kamar milimita ɗaya a rana. A yi lissafi: rauni mai nisan santimita 30 daga yatsu zai ci kusan wata goma. Shi ya sa likita ke ɗinke rigar jijiyar da wuri, a ci gaba da gashi da motsa gaɓoɓi don kada tsoka ta bushe kafin zaren ya iso.

A cikin laka babu ƙwayoyin Schwann. Masu naɗin can wasu ne daban, ba sa buɗe wa zare hanya, tabon da ke fitowa ma tare ta yake yi. Lakar da ta tsinke gaba ɗaya, har yau babu asibiti ko mai ɗori da ke haɗa ta. Waɗanda ake ba da labarin sun miƙe, tasu ta bugu ne ko ta kumbura, wasu zarurrukan suka tsira, da kumburin ya sauka sai motsi ya dawo, yabon kuma ya tafi ga wanda ya shafa magani na ƙarshe.

Waɗannan zarurrukan da suka tsira su ne ake rasawa a bakin titi, lokacin da jama'a suka taru da kyakkyawar niyya, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, aka naɗe wanda ya yi hatsari aka cusa a a-daidaita-sahu. In yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, a samo faffaɗan katako ko ƙyauren ƙofa, mutum ɗaya ya riƙe kan da hannu biyu kada ya juya, sauran su ɗaga shi lokaci ɗaya a miƙe.